Ranar Da Gadon Mota Ya Danne Ni A Guangzhou

A lokacin da wannan abu ya same ni ina cikin ƙarfina, ban yi aure ba, kuma ina ganin ba na buƙatar kowa. Aikin tagogin alminiyam na koya a Kano. Sayayyar kaya ce ta kai ni Guangzhou, amma sai na samu aiki a wani gareji can bayan gari, inda ake mayar da ƙananan bas-bas su zama ɗakin kwana. Masu sayensu galibi tsofaffi ne da suka yi ritaya, suna son zaga ƙasarsu da gadonsu da tukunyarsu. Ni ke haɗa musu kabad da durowa da gado. Ba a walda: sandunan alminiyam ne masu tsaga a jiki, ka yanka, ka zura noti cikin tsagar, ka ɗaure a kusurwa, sannan ka lulluɓe da falanki.

Aikin ya shiga raina domin ba ya son surutu. Ni da maigidana, wanda kowa ke kira lawban, da awo da nuni muke magana. Sannu a hankali na daina zuwa Juma'a a Masallacin Huaisheng. Na ce wa kaina nisa ne, amma gaskiyar ita ce na gaji da tambayar yaushe zan koma gida, alhali ban tara abin komawa ba. Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi mai saro tufafi a kasuwar Baima, wanda na taɓa gyara wa kanta. Ya yi ta kirana in zo mu ci tuwo, ban ɗauka ba, har ya gaji ya bari. Ni kaɗai nake cin shinkafata a bakin ƙofar mota, wani lokaci in yi mako ban furta kalmar Hausa ba sai in ina ƙorafi da noti.

Da hutun sabuwar shekarar mutanen ƙasar ya zo, unguwar ta watse, kowa ya tafi ƙauyensu. Lawban ya bar mini makulli da mota ɗaya da ba a gama ba. Wata safiya na kulle gareji ta ciki, na ɗora cikakken tankin ruwa da manyan batura a kan ƙarafan gadon don in ga yadda za su zauna, na shige ƙarƙashi da sifana. Ashe notinan gefe ɗaya da hannu kawai na murza su. Ina jan sandar farko gadon ya zame, komai ya rufto a kan ƙafata. Na ji ƙarar ƙashi kafin in ji zafi.

Na yi ihu har muryata ta dushe, babu ko kare da ya amsa. Da ƙyar na jawo wayata da sifana. Lawban bai ɗauka ba. Na san akwai lambar motar asibiti, amma da wane baki zan yi musu bayani? Na bi sunayen da ke wayar, kusan duk na mutanen da ke Kano ne. Na tsaya a kan sunan mahaifiyata, na san in ta ji muryata ba abin da za ta iya sai kuka. A duk faɗin birnin nan, mutum ɗaya nake da lambarsa, shi ne wanda na yi ta ƙin amsawa.

Bugu ɗaya ya ɗauka. "Ɗana, lahiya? Mi ya hwaru?" Na kasa ko gaishe shi, na ce, "Baba, ƙarfe ya danne ni, ni kaɗai ne." Bai tambaye ni inda na ɓuya duk watannin nan ba. Ya ce in tura masa alamar wurin ta waya, kuma kada in kashe. Har ya iso yana magana da ni, yana sa ni salati. Ya zo da mutum biyu da ban taɓa gani ba, suka nemo mai gadin layin aka ɓalle ƙofa, suka ɗaga gadon.

Ƙafar ta karye. Lawban ya dawo ya ɗauki nauyin magani, amma jinya mutanen nan suka yi, suna karɓa-karɓa, suna kawo mini kunu a fulas. Wata rana dattijon ya dube ni ya ce, da na cika a cikin motar nan, da ba su san sunan mahaifina ba balle su san wa za su yi wa ta'aziyya. Na juya fuska bango na yi kuka.

Har yau ina ɗingishi, ina kuma wannan sana'a. Abin da na fahimta shi ne kaɗaici ba rana ɗaya yake kama mutum ba, kai kake gina shi, kira ɗaya da ka ƙi ɗauka bayan ɗaya. 'Yan uwana da ke ƙasar wasu, kada kunyar rashi ta raba ku da jama'a. Ku je inda ake taruwa ko aljihu babu komai. Ka bari a san fuskarka tun kana tsaye da ƙafafunka, domin ranar da ka faɗi, wanda ya san ka ne kaɗai zai nemo ka.