Gidan da Ba a Cewa "Da Ma"

Shekarun baya, ƙarar ludayi a bakin ƙwarya ta kusa raba 'yata da makaranta. Ƙwas, ƙwas, sau biyu. Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu ya san wannan ƙarar, ya kuma san abin da ya jawo ta: wani ya ce "da ma."

Bari in yi muku bayani, don na san wasunku za su ce wane irin gida ne wannan. Dangin mijina suna cikin mutanen da aka tasa lokacin da ruwan madatsar Tiga ya cinye garuruwansu. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, da ƙuruciyarta aka kwaso su da tukwane da awaki aka sauke a nan ƙasar Bebeji. Tun kafin a kawo ni ta kafa doka: a gidanta ba a cewa "da ma," ba a cewa "da a ce." Ko yaro ne ya ce da ma yau shinkafa aka dafa, za ta ɗaga ludayin da take dama fura ta buga a ƙwarya, ta ce, "Rufe wa shaiɗan ƙofa." Na zo na tarar, na bi. Ni ma ai na taso ina jin malamai suna hana jayayya da abin da Allah ya riga ya hukunta.

Lokacin 'yata ta fari tana ajin farko na ƙaramar sakandare. Sunan Inna aka sa mata, saboda haka ni Ummi nake ce mata, Inna kuma ta ce takwara. Wata ranar Alhamis ta dawo da aikin gida na Turanci: yadda ake faɗin buri, da yadda ake cewa idan abu kaza ya faru, ko lokacin da zai faru, ko har sai ya faru. Ni ce baturiyar gidan tunda na gama sakandare, ko da yake Turancin nawa ya sha hayaƙin murhu ya gaji. Sai da na yi ta musu da yarinyar a kan wai malaminsu ya yi kuskure a wata jimla, har ta buɗe littafi ta nuna min. Na ce mata to, a zamaninmu ba haka ake yi ba.

Muna zaune a tsakar gida, ina tsince wake, Inna tana gefe da ƙwaryarta. Ummi ta karanta ta farko.

"I wish I had wings."

Na ce, "Yauwa. Wato da ma ina da fuka-fukai."

Ƙwas, ƙwas.

Da na yi shiru, da Turancin ya wuce ta gefen kunnen Inna lafiya lau. Kun ga ni ma na faɗa.

Inna ta ce, "Takwara, Allah ya ba ki ƙafa biyu, me za ki yi da fiffike? Ko kaza kike son zama in yanka ki da Sallah?"

Ummi ta tuntsure da dariya. Ta matsa kusa da ita ta ce, "Inna, tsaya ki ji wannan, taki ce, saboda ke na rubuta." Ta karanta da Turanci, ta kuma fassara da kanta tun kafin in kai ga rufe mata baki. "Da ruwa bai zo ba, da yanzu muna zaune a garinku."

Na jira ƙarar ludayi. Ba ta zo ba. Inna ta ajiye shi a hankali, ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki labule. Furar tana nan har ƙudaje suka same ta.

Bayan magariba wan mijina ya aiko a kira ni. Shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, yara suna ce masa Baffa, ni kuma Yaya. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

Ya ce, "Abin da ake koya mata ke nan? Yi wa Allah gyara? Daga Litinin ta zauna a gida. Islamiyya ta ishe ta."

Na ce, "Yaya, darasin yare ne. Yaranka maza ma da wannan littafin suka yi karatu, a hannunsu ta gada."

"Su ba su karanta shi a gaban uwata sun sa ta kuka ba."

"A yi mata faɗa, ni ma a yi min. Amma makaranta ba ta yi laifi ba."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Gaskiyarsa ce, don shekarun da na yi a gidan ban taɓa mayar masa da magana ba. Ya ce, "Na gama."

Mijina yana can wajen noman rani, sai ya yi makonni bai zo ba. Na kira shi a waya. Mutumin kirki ne, amma idan aka haɗa shi da wansa da mahaifiyarsa sai muryarsa ta koma ciki. Ya ce in yi haƙuri har ya dawo. Na ce jarrabawa ba za ta jira dawowarsa ba.

Na ce, "Tambaya biyu zan yi maka. Kai ka ce a cire ta?"

"Ni ban ce ba."

"Ka hana ni fita in raka ta?"

Ina jin injin ban ruwa yana ta ƙara a bayansa. Can ya ce, "Ban hana ki ba. Amma don Allah..."

Na ce, "Shi ke nan, Allah ya ba da yabanya mai kyau."

Ranar Litinin na wanke ta, na goge mata kayan makaranta, na zura hijabina, na riƙe hannunta. Hanya ɗaya ce ta fita daga gidan, ta zaure, kuma Yaya yana zaune a ciki yana gyaran ragar kamun kifi. Na durƙusa na ce, "Ina kwana, Yaya." Bai amsa ba. Na ce wa Ummi, "Gaida Baffanki." Ta gaishe shi da muryar kuka. Muka wuce ta gabansa. Washegari ma haka, da ranar da ta biyo baya.

Gida ya ɗau zafi. Matan gidan suka rage hira da ni, ba don ƙiyayya ba, don tsoro. Wanda ya fi ci min rai shi ne kwanon Inna. Ni nake yi mata tuwo tun zuwana, don ta ce nawa ne ba ya da gudaji. Sai ga kwano yana dawowa a rufe yadda na kai shi. Zan tuƙa, in kai, in gaishe ta, a dawo min da shi. Na yi kuka a madafi ba sau ɗaya ba, in wani ya shigo in ce hayaƙi ne. Amma ko da wasa ban taɓa tunanin barin yarinyar a gida ba. Na san yadda abin yake: zama na mako ɗaya ya zama na zango, na zango ya zama na har abada. Na gani a kan ƙawayena.

Sai labari ya zo min cewa ranar kasuwa Yaya zai je da kansa wajen shugaban makaranta ya ce a soke sunanta. Shi ne babba a gidan, za a saurare shi. Ana gobe kasuwa, bayan la'asar, na yi alwala, na yi addu'a, na nufi ɗakin Inna. Na yi sallama ba ta amsa da ƙarfi ba. Na shiga na durƙusa, kaina a ƙasa.

Na ce, "Inna, na zo ki yi min faɗa da baki. Kwanon nan ya ishe ni."

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, kin san abin da ya kashe uban mijinki? Ba ciwo ba ne. Da aka kawo mu nan, maza suka koyi su, suka koyi tuƙa kwalekwale, mutanen da ba su taɓa sanin komai ba sai fartanya. Shi kuwa ya samu bakin ruwa ya zauna. Da ma gonata. Da ma rijiyarmu. Da ma kabarin babana. Ina daka, ina sayar da ƙuli-ƙuli, ina goyo, shi yana da ma. Haka ya ƙare a gabana kamar gishiri a ruwa. Ranar da aka fita da shi na rantse kalmar nan ba za ta sake cin kowa a gidana ba. Yanzu kuma an saka ta a littafi an ba takwarata ta haddace."

Wallahi tausayinta ya kama ni har na ji kamar in ce shi ke nan, a yi yadda take so. Sai na tuna muryar kukan da Ummi ta gaida Baffanta da ita a zaure.

Na ce, "Inna, Allah ya jiƙan Baba. Amma shi zama ya yi. Ita tafiya take yi kullum da safe, ku ne za ku zaunar da ita."

Carbin ya tsaya.

Abin da na faɗa bayan wannan, har yau in na tuna sai na riƙe baki. Na ce, "Kuma ki gafarce ni. Duk shekara idan rani ya yi nisa, ruwa ya ja, kan dutsen nan ya fito, wanda aka ce a kansa matan garinku suke shanya, sai ki ɗauki mayafi ki ce za ki je sayen kifi. Inna, 'ya'yanki masunta ne. Kifi har kyauta muke yi da shi. Kuma ban taɓa ganin kin dawo da ko ɗaya ba. Bakinki bai taɓa cewa da ma ba, na shaida. Amma ƙafafunki suna faɗa duk shekara, kuma ban ga ta cinye ki ba. Kina dawowa ki dama furarki."

Inna ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Fita."

Na ce, "Zan fita. Amma gobe da safe zan raka ta. In an soke sunanta a nan, zan roƙi babanta in kai ta wajen iyayena a Dangora, can ma akwai makaranta."

"Na ce ki fita."

Na fito ina ganin na gama kashe aurena da bakina. Har na fara kallon kwanukana ina tunanin wanne zan fara ɗaurewa.

Da safe ina hura wuta na ga Yaya ya sha babbar riga da hula, ya zo gaida Inna kamar yadda ya saba kafin ya fita. Madafi yana jikin ɗakinta, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na rage hura wutar.

Ta ce, "Ina zuwa da babbar riga? Ɗaurin aure ake yi?"

"Makarantar yarinyar nan zan je, Inna, a gama maganar."

"Wa ya aike ka?"

"Ai ke ce ranki ya ɓaci..."

"Raina ne, ba naka ba. Takwarata ce. In za a cire ta ni zan faɗa, kuma ban faɗa ba. Je ka cire rigar nan ka duba ragarka."

Ya fito ya wuce ni bai ko kalli madafin ba. Na ɗauki hijabi na raka Ummi, wannan karon zauren babu kowa. Da daddare kwano ya dawo babu komai a ciki, tare da saƙo cewa gishirin miyar ya yi yawa. Ban taɓa jin daɗin a kushe min girki ba kamar ranar.

Kada ku ɗauka Inna ta ce na yi daidai. Ba ta taɓa faɗa ba har ta koma ga Allah. Ta yi wata guda tana amsa gaisuwata a taƙaice, ludayinta kuma bai yi ritaya ba, ya ci gaba da aiki a kan manya da yara. Yaya ma sai da aka daɗe kafin ya sake tambayata ya yara. Ummi dai ta rubuta jarrabawarta, ta wuce aji na gaba, ta ci gaba har ta gama.

Har gobe ina tare da Inna a rabin maganarta. Abin da Allah ya hukunta ya wuce, ba na zama in yi ta juya shi, kuma ina hana 'ya'yana. Amma ban yarda a toshe bakin yaro daga faɗin abin da zuciyarsa ke so ba. Wanda bai iya faɗin burinsa ba, me zai roƙa idan ya ɗaga hannu? Kuma ban yarda tsoron da ya samo asali daga ciwon manya ya zama dalilin rufe wa yarinya aji ba. Na yi rashin kunya a ranar, na sani, na kuma nemi gafarar Inna daga baya. Neman gafarar na yi, ban janye maganar ba.

A ranin wannan shekarar, da ruwa ya ja, Inna ta ɗauki mayafinta ta ce za ta je sayen kifi. Ta kai bakin zaure sai ta juyo ta ce, "Takwara, taso ki riƙe min kwano." Ba ta taɓa tafiya da kowa ba.

Suka daɗe. Da suka dawo Inna ta shige ɗaki, Ummi ta zo ta ajiye min kwano wayam, ƙafafunta duk laka. Na daure fuska na ce, "Ina kifin?"

Ta waiga ta ga ba kowa, ta matso kusa da kunnena.

"Umma, ba kifi. Wani dutse ta nuna min a tsakiyar ruwa. Na manta na ce da ma na ga garin, sai na runtse ido ina jiran faɗa. Umma, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, ni ma, takwara."