Wayar da Ke Kiran Shanu

Muktar ɗan makiyayi ne daga Sandamu, yana ajin ƙarshe a jami'a, yana karatun kimiyyar kwamfuta. Aikinsa na kammalawa manhaja ce mai gane saniya da zanen jikinta. Ya bi shanun mahaifinsa, Baffa Yelwa, yana ɗaukar hotonsu, ya sa tsohon ya kira kowacce yadda ya saba, ya naɗi muryar. Da an haska saniya, sai wayar ta kira sunanta da bakin Baffa.

Tun kafin ya gabatar da aikin, ɓarayi suka kore garken kakaf. Baffa bai ga damina ba, baƙin ciki ya yi ajalinsa.

Muktar ya gama karatu, amma ya ƙi neman aiki. Kullum yana kara, kasuwar dabbobi, yana haska shanun mutane, wayar kuwa ko uffan.

Rannan a Daura ya ratsa rumfar majema, manhajar a buɗe a hannunsa. An shanya wata fata mai baƙin tabo a kafaɗa.

"Wule! Taho, Wule!" Muryar Baffa ce daga wayar, da lallashinta.

Muktar ya ƙame. Majemin ya ɗago kai ya ce, "Samari, in kana so, taya mana."