Ginshiƙin da Inna Ke Jingina da Shi

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya kwashe ranar da aka yi wa gidanmu na unguwar Walia awo. Na ce awo ne domin haka Inna ta kira shi, kuma har yau ban sami kalmar da ta fi tata dacewa ba.

Mu mahauta ne tun kaka da kakanni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bayan fawa yana sana'ar fatu, da ita ya gina ɗan benen da muka tashi a ciki. Ƙasa akwai ɗakuna da wata rumfa mai inuwa, sama kuma ɗakuna biyu da baranda. Bayan rasuwarsa yayana ya gaji sana'ar, amma shi da iyalinsa suna can unguwar Habbena. Ni ce ke zaune da Inna tare da 'ya'yana, ina kilishina ina aikawa kasuwa.

Shekarar da kogi ya cika ya ci unguwarmu, ruwa ya zauna mana a tsakar gida har ya kai gwiwa, ya daɗe bai janye ba. Da ya tafi sai ya bar mana tsaraba: wata tsaga a bangon gabas, tun daga ƙasa har kusa da tagar sama, mai faɗin da yatsa ke shiga. Wayyo, tsagar nan ta hana ni sukuni. Da safe ita nake fara dubawa kafin in dubi fuskar 'ya'yana. Na sa aka kwashe komai daga ɓangarenta. Buhunan gero da na gishiri da muka hau da su sama don gudun ruwa, da akwatunan ƙarfe, da gadon yara, duk na tattara su a ɗakin yamma, wanda ke bisa rumfa, nesa da tsagar. Ina ta yaba wa kaina hankali.

Yayana ya kawo magina biyu, suka tsaya daga nesa suka girgiza kai, suka ce gidan ya gama yayi, a rushe shi kafin wata damina. Shi kuwa dama neman dalili yake, ya daɗe yana so Inna ta koma wajensa.

"Inna, ku yi haƙuri ku tattara," in ji shi. "Ɗaki na nan a Habbena an share. Kalas, magana ta ƙare, gidan nan ya mutu."

Inna tana zaune a inda take zama kullum, kan tabarmarta a rumfa, ta jingina da ginshiƙin tsakiya tana jan carbi. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Daga nan aka fita da ubanku," ta ce. "Ni ma daga nan za a fita da ni. In ka matsu, kawo masu rusau ɗin su haɗa da ni."

Na san Inna. In aka ɗauke ta daga gidan nan da ƙarfi, ba za ta yi gardama ba, shiru za ta yi ta lalace a ɗakin mutane. In kuma aka bar ta, ina tsoron bene ya rufto mana. Tsakanin waɗannan biyu na rame, har masu sayen kilishi suna tambaya ko lafiya.

Ana cikin haka ɗan kawuna ya zo gaishe da gwaggonsa. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Ya yi karatun injiniya na gine-gine a waje, ya dawo yana koyarwa, yana kuma yawon duba gadoji da manyan gine-gine. Ya dubi tsagar, ya dube ni, ya kwashe da dariya.

"Hajiyar kilishi, ke ce kika jingina da bangon nan ya tsage?"

"Da wane jikin? Kai dai Malam Injiniya, in kana da abin faɗi ka faɗa, in babu ka sha ruwa ka kama hanya."

Ya daina dariya, ya ce kada a taɓa ko bulo ɗaya sai ya dawo da kayan aikinsa.

Ranar da ya dawo, da hantsi, na zaci zan ga mota cike da injuna. Sai ga shi a kan babur da jakar goyo ɗaya. Ya fito da kwamfuta, da wani ɗan akwati mai wayoyi, da wasu ƙarafa biyu masu kama da gwangwanin madara. Na ce, "Da wannan za ka ceci gidan ubana? Ai da na sani na ba ka gwangwanaye daga kicin."

Bai kula ni ba, ya durƙusa gaban Inna yana yi mata bayani. Ya ce ƙarfe ɗaya yana aika wani sauti cikin kankare, sauti siriri wanda kunnen mutum ba ya ji, ɗayan kuma yana karɓarsa ta ɗaya gefen. In cikin ginshiƙi lafiya yake, sautin zai ratsa sumul. In akwai rami ko tsaga a ɓoye, zai iso a makare, a karye.

"Kamar yadda kuke ƙwanƙwasa tulu a kasuwa kafin ku saya, Gwaggo."

"To kai da ba ka jin sautin, wa ke saurara maka?"

Ya nuna kwamfutar. Ya ce shi da abokan aikinsa sun daɗe suna koya mata. Sun yi ta zuba kankare, wani mai kyau, wani su lalata shi da gangan, suna aika sautin ciki suna nuna mata, wannan lafiyayye ne, wannan mai ciwo. Sun haɗa da na wasu masu bincike na ƙasashe daban-daban, ta saurari misalai masu yawan da mutum ba zai iya saurara ba a rayuwarsa, har ta kai tana rarrabewa da kanta, tana kama bambancin da idon gwani kan wuce.

Yana shafa wani mai mai yauƙi a jikin ginshiƙi kafin ya manna ƙarafan. Inna ta kalla ta kalla ta ce, "Ashe awon ciki za a yi wa gidan. Irin man da suke shafa wa masu juna biyu ne a asibiti." Muka yi dariya, rabon da in yi dariya a gidan nan har na manta.

Ya fara da ɓangaren tsagar. Yayana ya iso, ya tsaya da hannu a baya yana jiran a tabbatar masa da maganarsa. Ni kuwa na matsa kusa da kwamfutar. A fuskar kwamfutar wasu layuka ne ke ta rawa, ban gane komai ba, sai dai taubashina ya ce in na ga kore alheri ne, ja kuwa akasin haka. Ginshiƙin farko, kore. Na kusa da tsagar, ya auna shi sama da ƙasa da tsakiya, kore. Ya hau sama ya auna abin da ke ɗauke da rufin wajen, duk kore. Ya sauko yana share hannu, ya ce tsagar a bulo take kawai, bangon cike gurbi ne, ba shi ke ɗauke da benen ba. Magini zai ɗinke ta cikin sauƙi.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Maƙwabta suka leƙo. Na ruga na ɗora shayi, na yanko kilishi mai kyau wanda ba na ba kowa kyauta. Na ce masa ya ajiye gwangwanayensa haka nan ya zo ya ci, aiki ya ƙare.

"Saura na rumfa," ya ce.

"Haba! Waɗannan ai su suka fi kowanne lafiya. Dubi na tsakiyan nan, ko ƙwarzane babu."

Gaskiya na faɗa. Ginshiƙin da Inna ke jingina da shi ya fi duk na gidan kyan gani, sumul, fari tas, domin kusan kowace shekara sai mun sa an sake masa shafe da farar ƙasa. Amma taubashina ya ce shi ba ya barin aiki rabi. Ya roƙi Inna ta ɗan matsa, ya shafa mai, ya manna ƙarafan a ƙasa-ƙasa.

Ja.

Ya goge wurin, ya sake shafa mai, ya sake mannawa. Ja. Ya matsa gefe kaɗan, har yanzu ja. Na ga fara'ar ta bar fuskarsa, sai na ji tiren shayin ya yi mini nauyi a hannu.

"Me ke saman nan?" ya tambaye ni, ba wasa a muryarsa.

Na ce buhuna ne, da akwatuna, da gadon yara.

"Gwaggo, don Allah ku tashi ku koma bakin ƙofa. Ke kuma kira yaran su fito."

Yayana ya ce wataƙila na'urar ce ta rikice. Taubashina ya amsa masa da cewa tana iya kuskure, ita dai ta ce wannan bai yi kama da lafiyayye ba, dalili kuwa ba ta sani ba, sai an buɗe an gani. Ya nemi maƙwabta suka taya mu sauko da buhunan a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sai da ɗakin ya zama wayam, aka tokare rumfar da itatuwa, sannan ya ɗauki guduma ya ɗan daki gindin ginshiƙin. Bai sa ƙarfi ba, amma wani ɓangare ya ɓantalo kamar busasshen tuwo. A ciki rodin ya yi tsatsa ya kumbura, yana marmashewa a hannu, wani ya sirance kamar tsinken tsire. Jikin kankaren kuma duk wani farin gari.

Yayana ya dangwala ya kai baki, ya tofar. "Gishiri ne," ya ce a hankali.

Nan take muka dubi juna, ba wanda ya buƙaci bayani. A gindin ginshiƙin nan Baba ke jibge fatu in an barbaɗa musu gishiri, don wurin ya fi ko'ina inuwa. Haka muka tashi muka gani, haka yayana ya ci gaba da yi duk bayan Babbar Sallah. Shekara da shekaru ruwan gishirin yana tsiyaya, kankare yana sha. Shafen ya riƙa ɓamɓarewa, mu kuma muna sake shafawa muna cewa aikin magini ne ba shi da kyau. Da ambaliya ta zo, ta ƙarasa abin da gishiri ya fara.

Na zauna a ƙasa daɓas. Ina tuna yadda nake kwantar da 'ya'yana a ɗakin nan in tofa musu addu'a, in sauko ina hararar tsagar da ba ta da laifin komai. Inna ce ta yi tambayar da na kasa yi.

"To ɗana, rushewar ce ke nan?"

Ya ce ta ba shi lokaci. Ya bi ginshiƙin da awo daga ƙasa zuwa sama. Daga kusan ƙugu sai ja ya koma kore. Ya auna sauran na rumfar, da abin da suke ɗauke da shi, duk lafiya. Ya dawo ya durƙusa a gabanta.

"Ƙafa ɗaya ce ke ciwo, Gwaggo, kuma tana da magani. Za a tokare sama da ƙarafa, a sa sabon rodi, a yi mata sabuwar riga ta kankare. Ba inda za ku."

Inna ta ɗaga hannu sama, hawaye na bin kumatunta. Ni kuwa kuka na yi sosai, irin na wanda aka sauke wa kaya, ban ji kunyar kowa ba. Taubashina ya bari sai da na lafa, sannan ya ce, "Hajiyar kilishi, in kin gama, shayin nan fa ya huce."

An yi gyaran kafin damina. Yayana ya gina wa fatunsa rumfar kwano can bayan gida, maganar Habbena kuma bai sake tayar da ita ba. Ginshiƙin ya fito ya fi 'yan uwansa kauri, ba shi da kyan da, amma Inna ta mai da tabarmarta gindinsa ranar da aka cire katakon da aka zuba sabon kankaren a ciki.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, tsoro ba ya bincike, inda ido ya nuna masa nan yake tarewa. Na gudu daga bangon da bai iya yi mana komai ba, na kai 'ya'yana na ɗora a kan ruɓaɓɓen ginshiƙi don kawai yana da farin shafe. Tun daga lokacin, kafin in yanke wa abu hukuncin rushewa, ko in amince masa da rayuwata, sai na nemi wanda zai iya saurara mini cikinsa. Kuma in mai aiki ya ce saura ɗaya, ba na ƙara ce masa ya zo ya sha shayi.