Ramar Gwaggo Hasiya

Surayya tana shanya mayafai a saman bene sai ta ga tsohuwar da ke zaune a hawa na huɗu ta tsaya cak da kwandon wanki a hannu. Ba ita tsohuwar ke kallo ba. Idonta yana kan shukar da ke jere a jikin katanga, wadda ta zarce tsayin mutum, ganyenta ya rabu yatsu-yatsu kamar an buɗe tafin hannu. Tsohuwar ta ajiye kwandon, ta zaro waya ta ɗauki hoto, ta matsa kusa ta ƙara wani. Surayya ta gaishe ta da Sinanci, ba ta amsa ba. Ta kwashi wankinta a jiƙe ta sauka.

Sai a lokacin Surayya ta kalli ganyen da idon wanda bai san rama ba. Ta tuna allon gargaɗi da ke ƙofar jami'ar da ta gama bara, mai hotunan miyagun ƙwayoyi. Ganyen wiwi da ke jikin allon da wannan ba su da maraba. Mayafin da ke hannunta ya suɓuce ya faɗi cikin ruwan da ya taru a siminti.

Mai shukar ita ce Gwaggo Hasiya, ƙanwar mahaifin Surayya. Duk ɗan kasuwar Kano da ya taɓa zuwa Guangzhou saro kaya ya san ta, ko da ba zai iya faɗin sunan layin gidanta ba. Tun Surayya tana firamare Gwaggo ta biyo mijinta Alhaji Ghali, wanda ke sayen tufafi a manyan shagunan Guangyuan yana lodawa a kwantena, rabin shekara yana nan, rabi yana Kano. Ita kuwa girki ne ya same ta ba ta nema ba. Yau wani abokin Alhaji ya ce cikinsa ya gaji da taliyar Sinawa, gobe ya zo da mutum biyu, kafin a farga takalma sun cika bakin ƙofarta, falonta ya zama wurin da ake miƙe ƙafa a ci tuwo ana hirar Kantin Kwari. Sinancinta bai taka kara ya karya ba. Ta iya kiran mai shago lawban, ta san idan ya ce meyo to babu ke nan, ta iya godiya. Sauran da yatsa da harara take ƙarasawa, kuma ba a taɓa cutar ta a cefane ba.

Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa duk suna zuwa mata a jakunkunan 'yan kasuwa. Ɗanyar rama ce kawai ba ta tsallaka teku. A zuwanta garinsu Ƙaraye na ƙarshe, mahaifiyarta Iya Fasuma ta shiga bayan ɗaki ta murzo irin rama, ta ƙulle mata a wani yankin tsohon zani. Bayan nan annoba ta zo aka rufe hanya, Iya ta rasu, Gwaggo ta karɓi gaisuwa a waya. Da aka raba gado aka shafe bayan ɗakin da siminti aka fitar da shago. Ba abin da ya rage na wannan ƙasar sai ƙullin da ke ƙasan akwatin Gwaggo.

Kowace shekara idan sanyi ya wuce takan roƙi mai kifi na bakin layi akwatunan farin kumfa, ta huda gindinsu da wuƙa, ta cika su da ƙasar da ta saya wurin masu furanni, ta gauraya da dakakken ɓawon ƙwai. Ta ɗebi iri kaɗan ta yayyafa. Ruwan wankin shinkafa ba ya zuwa magudana a gidan nan, a bokiti ake tara shi ta hau da shi bayan asuba tana haki a kan matattakala. Idan shukar ta fito ta yi cinkoso sai ta rage, idan ta kawo gwiwa sai ta tsinke kanta don ta yi rassa. Ganyen ƙaramar rama a dunƙule yake, bai rabu ba, kuma a nan take cinye shi: kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ko faten tsaki ranar Juma'a. Shekara da shekaru babu maƙwabcin da ya ko ɗaga kai ya kalli akwatunan.

Surayya takan raka ta hawa tun da ta gama karatu ta dawo gidan da zama tana yi wa 'yan kasuwa tafinta. A can sama Gwaggo ta fi magana. Jirgin ƙasa yana wucewa can nesa, dogayen gine-gine sun kewaye su, ita kuma tana tsugune tana ba da labarin yadda Iya ke korar akuya da muciya, da yadda kwaɗon Iya ke sa haƙora su mutu don tsami. Wani lokaci sai ta murza ganye ta kai hanci ta shaƙa.

Bana da ta kwance ƙullin ta tarar irin ya kusa ƙarewa. Ta shuka duk abin da ya rage, ta ce wannan karon ba za ta tsinke ba, za ta bar shi ya girma ya yi fure ya yi kwanso, ta sami sabon iri. Ramar ta samu ruwan Guangzhou da zafinsa ta miƙe. Da ta wuce ƙugu sai sabbin ganyen suka fara rabuwa. Da kaka ta shigo ta buɗe furanni masu ruwan madara da jan ciki, su buɗe da safe su rufe kafin la'asar. Ganyen ƙasa da take ragewa ba ta zubarwa, tana shanya shi a tabarma ya bushe, ta ɗura a ƙananan ledoji, tsarabar masu wucewa wasu garuruwa inda ba mai yi musu girkin gida.

Ranar da tsohuwar ta ɗauki hoto, Surayya ta sauko da gudu. Ta tarar da Gwaggo tana tuƙa tuwo, Osmanu yana zaune a falo yana jira. Shi mutumin zangon Kumasi ne, mai tura kaya Gana, kuma tun zuwansa garin bai taɓa ƙetare abincin rana a gidan ba.

"Gwaggo, don Allah a sare ramar nan yau."

"Wace ramar? Ke lafiyarki?"

Surayya ta faɗa mata abin da ta gani. Osmanu ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Hajiya, ai ni tun watan jiya na hau na gani, na ce to, Hajiya ta gaji da tuwo ta canza sana'a. Na yi shiru don kar a rage mini miya."

"Allah ya shirye ka, Osmanu. Ka taɓa ganin wiwi da fure irin wannan?"

"Ni ina na san wiwi, Hajiya? Ɗan malamai ne ni."

"Gwaggo, ba fure za su duba ba," in ji Surayya. "A ƙasar nan ba a wasa da maganar nan. Kin san abin da suke yi wa mutum."

Gwaggo ta ajiye muciya. "Kwanson bai bushe ba, 'yar nan. Idan na sare yanzu irin ya mutu. In ya mutu in je ina in samo? In tono simintin shagon?" Ta goge hannu a zani. "Duk karatun naki bai koya miki zama da maƙwabci ba. Matar nan ba ta sani ba ne. Wanda ya ci abu ai ya san abinci ne."

Da la'asar ta dafa rama ta matse, ta kwaɗa da ƙuli da albasa, ta zuba a kwanon da ta fi ji da shi. Ta ɗora ledar busasshen ganye guda a kan murfin, wai ko tsohuwar za ta so ta gwada a miya. Haka ake yi a Ƙaraye idan an sami rashin fahimta da maƙwabta, a aika da kwano, kwano ya dawo da wani abu a ciki, magana ta wuce. Surayya ta ɗauka ta sauka hawa na huɗu, tana shirya bayanin da za ta yi.

Ɗan tsohuwar ne ya buɗe ƙofa. Ta fara magana, ta faɗi sunan shukar da Sinanci kamar yadda ta duba a waya. Bai saurare ta ba. Ya kalli ledar, ya kalle ta, ya ja da baya kamar ta miƙo masa garwashi, ya rufe ƙofa. Ta ji an murza makulli.

"Ba su da tarbiyya," in ji Gwaggo da kwanon ya dawo. Osmanu ya cinye kwaɗon washegari.

'Yan sanda sun zo da hantsi, a makon da ake baje koli a Pazhou, falo cike da baƙi. Ba su yi ihu ba, ba su ture kowa ba. Suka duba fasfo ɗin kowa, suka ce mai shukar ta hau da su. Surayya ce ta yi tafinta, ita da ta saba fassara cinikin yadi da takalma. Ta ce kayan miya ne, ta nuna musu hotuna a waya. Babbansu ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce ba shi zai yanke hukunci ba, akwai ɗakin gwaji. Sannan ya ɗaga ɗaya daga cikin ledojin da suka samo a kicin ya tambayi wa da wa ake ba. Ya ce an shaida musu har gidan maƙwabta an kai.

Gwaggo ta tsinki ganye za ta kai baki don su gani, wani ya riƙe mata hannu. Suka sa safar hannu suka fara tumɓuke shukar suna cusawa a buhu, ƙasa tana zuba a siminti.

"Surayya, ce musu su bar mini guda ɗaya. Guda ɗaya tak. Waccan ta lungu, ta kusa."

Surayya ta faɗa. Babban ya girgiza kai, ya yi magana a hankali.

"Me ya ce?"

"Ya ce duka za su tafi da su, Gwaggo. Ke ma za ki bi su."

Gwaggo ta tsaya tana kallo har aka tumɓuke ta lungun. Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta, ta ce wa Surayya akwai miya a kan wuta, a kashe kar ta kama.

A ofishin 'yan sanda an gwada fitsarin Gwaggo da Surayya, ba a ga komai ba. An sallami Surayya da yamma. Gwaggo kuwa aka ce za ta zauna a tsare har sakamakon ganyen ya fito, saboda ledojin. Alhaji Ghali yana Kano, yana kira safe da yamma, yana neman tikitin dawowa. Osmanu ne ya samo lauya, kuma tun ranar bai sake yin barkwanci ba. Kullum da azahar yakan zo ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi ko an ji wani abu, ya ƙi shiga. Takalman da ke cika ƙofar sun ɓace. Ba wanda yake so a gan shi a gidan.

Surayya ta daina fita aiki. Ko tarin maƙwabci ta ji a matattakala sai ta ɗauka 'yan sanda ne. Tana wanke shinkafa ta samu kanta ta juye ruwan a bokiti, ta tsaya tana kallon bokitin. Gidan ya yi mata faɗi. Har faɗan Gwaggo take kewa, da yadda take kiran ta malama mai digiri idan ta ƙona albasa.

Da ta iya hawa saman benen, ta tarar da akwatunan a kife. A tsagin siminti kusa da lungu ta ga kwanso uku da suka karye suka faɗi lokacin da ake tumɓukewa. Biyu kore ne shar. Ɗaya ya fara yin ruwan ƙasa. Ta waiga ta ga babu kowa, ta tsince su, ƙaiƙayinsu yana sukar yatsunta. Ta daɗe a tsaye tana tunanin ta wurga su ta katanga, don ko su aka gani a hannunta wata magana ce. Daga baya ta sauka ta ɗauko yankin zanin Iya Fasuma ta ƙulle su, ta mayar ƙasan akwatin Gwaggo. Ba ta san ko irin ciki ya nuna ba.

Lauyan ya samu ganin Gwaggo. Ya ce tana lafiya, tana cin farar shinkafa tana barin sauran, ta samu inda take sallah. Ya ce bai gane yawancin abin da ta ce ba, amma akwai wata magana da ta yi ta maimaitawa har ya riƙe ta da ka. Ya faɗe ta a karkace, Surayya ta sa ya sake. Cewa take a duba lungu.

Surayya ta roƙe shi idan ya koma ya ce mata an duba.

Ta tambaye shi yaushe ɗakin gwajin zai ba da amsa. Ya ce idan suka tabbatar kayan miya ne za a sake ta, amma bai san ranar ba, kuma bai san ko za a bar ta ta ci gaba da zama a ƙasar ba. Har yanzu sakamakon bai fito ba. Gwaggo Hasiya tana tsare, Surayya tana gida tana jiran kiran lauya.