Dokin da Hammajoda Ya Sayar wa Sista

Hammajoda bai taɓa sayen doki don kyan fata ba. Shekara ashirin da ɗoriya yana da turaku a bayan gidansa na Unguwar Rogo, kuma abu ɗaya yake nema a jikin dabba: takama, tafiyar nan mai laushi da ba ta jijjiga mahayi. Sukuwa, in ji shi, ta yara ce da wanda kare ya biyo. In an kawo masa doki daga Azare ko Misau, sai ya cika ƙoƙo da nono, ya hau, ya zaga fili sau biyu. In nonon ya taɓa masa riga, sai ya sauka ya shanye sauran, ya ce wa mai dokin ya gai da gida.

Da ma'aikata suka sami ƙarin albashin Udoji, masu sayen dawakinsa suka koma babur. Aka bar shi da Turawan unguwar Rayfield biyu da wasu dagatai.

Cikin daminar 1978 Sista Immaculata ta yi sallama a ƙofarsa. Unguwarzoma ce a wani ƙaramin asibitin mishan bayan Bukuru. Ƙauyukan da take zuwa suna tsakanin duwatsu da tsofaffin ramukan kuza, mota ba ta kaiwa, ga ta da ciwon baya.

"Kin taɓa hawa?" in ji Hammajoda.

"Jaki, Baba. Sau ɗaya."

"Yaya kuka ƙare?"

"Ya riga ni isa gida."

Ya fito mata da wani jan doki da ya saya a hannun Gyang, tsohon hediman leburorin kuza. Mako uku yana koya mata zaman sirdi kafin ya yarda ya sallama.

Bayan wata guda ta dawo, a kan dokin.

"Baba, tafiya dai babu laifi. Bayana ya warke. Amma dokin nan, duk gidan burkutu da muka zo wucewa sai ya tsaya."

"Ya tsaya?"

"Ya shiga har tsakar gida. Ba ya motsi sai kamar rabin awa. Gida bakwai ne tsakanin asibiti da Zawan. Fada, limamin cocinmu, ya kira ni ofis sau biyu."

Hammajoda ya daɗe yana kallon dokin, dokin yana cin harawa. A Unguwar Rogo ya gwada shi, inda babu gidan burkutu, balle wannan aibi ya sami wurin fitowa. Abin ya yi masa ciwo, don bai taɓa ɓoye wa mai saye ko tabon kaska ba.

"Laifina ne, Sista. Na duba haƙoransa, ban duba mai shi ba. Ki bar shi, ki zaɓi wani."

"A'a, ba dawo da shi na yi ba," in ji ta. "Matan da ke dafa burkutun nan sun san duk mai ciki a ƙauye tun kafin mijinta ya sani. Yanzu a can nake yin awo. Linzami ne ya tsinke, na zo ka gyara."

Ya gyara mata linzamin.

Daga ranar, duk dokin da aka kawo masa sai ya hau shi ya bi ta ƙofar gidajen burkutu na Jos Jarawa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Dawaki biyu suka tsaya. Labarin an gan shi a gidajen burkutu ya riga shi komowa unguwa, har liman ya ja shi gefe bayan La'asar. Hammajoda ya yi bayani tun daga kan Gyang. Liman ya saurara har ƙarshe, ya ce ya fahimta sarai, amma don Allah ya daina zuwa ranar Juma'a.

Ya mai da gwajin ranar Talata, ya ci gaba da sana'arsa har ƙafarsa ta daina kai likkafa.