Gurbin Yatsa a Azurfar Inna

Wata Laraba da hantsi, bayan girbi, a shekarar da nasara suka fara gina barikinsu a Agadas, wani maƙerin azurfa ya ɗora mini 'yar ƙwarya a hannu, ya rufe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Shekarata tara. A cikin ƙwaryar akwai siffar abin wuya da ya yi da kakin zuma, irin na Agadas ɗin nan mai zobe a sama da ƙahonni uku. Ya ce in kai wa kakata ta gani, in ta amince ya lulluɓe shi da yumɓu, ya narkar da kakin, ya zuba azurfa a gurbinsa. "Kada ki taɓa shi, kada ki tsaya ko'ina," in ji shi. Da ya san wadda yake aike, da bai ɓata bakinsa ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne a Damargu, kuma duk ƙauyen an san ni da rashin zama wuri ɗaya. In an sa ni korar tsuntsaye a gonar gero, sai a tsinto ni bakin tafki ina gina shanun laka. In an aike ni rijiya, sai tulu ya gaji da jirana. Inna kan ce, "Hajo, ƙafarki ƙaiƙayi take yi." Ita haifaffiyar Agadas ce, aure ya kai ta kudu, tun kafin a haife ni ba ta sake taka garinsu ba. Da Baba zai bi ayarin gero, ta cire munduwarta, azurfa ɗaya tak da ta mallaka, ta ce a narke a yi mata abin wuya irin na gidansu. Ni kuma ta roƙa a tafi da ni don kakata ta gan ni.

Kwana uku muna birnin, ban ga komai ba sai bangon masauki da hanyar gidan Kaka. Hankalin Baba ba a kwance yake ba, don ana ta cewa sojan nasara na kama raƙuman mutane su ɗora musu kaya. Ya yanke cewa ranar Alhamis da asuba za mu juya. Ke nan wannan aike shi ne damata ta farko, shi ne kuma ta ƙarshe.

Na yi niyyar wucewa kai tsaye, Allah ya sani. Amma ina karya kwana sai ga hasumiyar babban masallaci tsaye a gabana, ja, itatuwa sun fito a jikinta kamar ƙayar bushiya. Na ɗaga kai har wuyana ya yi ciwo, na zagaya ta sau biyu ina neman gane yadda hannun mutum ya kai can sama. Daga nan warin jima ya ja ni lungun masu aikin fata, inda wata mata ke yanka koriyar fata siri-siri tana ɗinka ta a kan ja, ba ta ko kallon hannunta. A gefe an jera siradan raƙumi da aka yi wa ado da tagulla. Na ce a raina minti kaɗan ne, yanzu zan tafi. Sai na ji kiɗa.

Turmi ne, wallahi, irin wanda nake tsana a gida saboda surfe. Matan Buzaye sun ɗaure bakinsa da fata, sun yayyafa mata ruwa, ɗaya na bugawa, sauran na tafi, wata tsohuwa kuma na jan goge mai tsirkiya ɗaya da murya kamar ta mai kuka. Na kutsa har gaba. Ana cikin haka sojoji suka ratso a kan raƙuma, da wani bature jajir a tsakiyarsu, jama'a suka ja da baya, aka bangaje ni. Don kada kakin ya faɗi, na zaro shi daga ƙwarya na damƙe a hannu. Sojoji suka wuce, kiɗa ya dawo, ni kuwa na manta da abin da ke tafina har aka kira azahar.

Da na buɗe hannu, sai na ga ɓarna. Kakin ya yi laushi, babban yatsana ya lotsa bayansa, ga gurbi nan sarai. Na nuna wa Kaka fuskar kawai, ta ce ya yi. Maƙeri kuwa yana karɓa ya juya shi. Ya gaya wa Baba cewa in ana son aiki mai kyau, sai ya sake siffar, a ƙara kwana guda. Baba ya ce ko rabin yini ba zai ƙara ba, raƙumansa biyu su ne abincin gidansa. Aka busar da yumɓu a bakin wuta, kafin magariba aka narkar da munduwar Inna aka zuba, aka fasa yumɓun. Gurbin ya fito a azurfa. Baba bai buge ni ba, cewa ya yi ni zan miƙa wa Inna da hannuna, abin da ya fi mini duka ciwo.

Duk tsawon hanyar komawa tunanin abin da zan faɗa mata nake yi. Na shirya ƙarya ta kai goma, na watsar.

Inna na tankaɗe muka iso. Ta goge hannu, ta karɓa, ta juya, ta daɗe tana kallon gurbin. Ta kamo yatsana ta ɗora, ya zauna daram. Na fashe da kuka, na ce tsayawa kallo na yi.

"A ina?" ta ce.

Na ce hasumiya. Ta tambaya ta wane gefe na bi. Na ce lungun masu fata. Ta tambaya ko har yanzu akwai itacen bagaruwa a bakin lungun, ko matan na jiƙa fatar turmi kafin su buga. Na yi ta zuba, ita kuma tana hawaye, garin tuwo na jiranta a faifai. Ashe Baba duk zuwan da yake yi, labarin kasuwar gero kaɗai yake kawo mata. "Ɗiyata, sake faɗa mini daga farko," in ji ta. Har ta rasu ba ta koma Agadas ba, kuma ba ta yarda an gyara abin wuyan ba.

Yanzu a Agadas nake zaune wurin jikokina. Motoci na wucewa ta gindin hasumiya, yara ko ɗaga kai ba sa yi, maƙera kuma na jera abin wuya sumul-sumul don baƙi. Ƙafar da ke ƙaiƙayi ta koma sai da sanda. Abin wuyan Inna yana wuyana, nakan juya bayansa in gwada yatsana. Ya daɗe da daina shiga.