Layin da ke Tsakanin Girata

Layin nan da ke tsakanin girata ba shekaru ne suka kawo shi ba, ko ashirin da uku ban cika ba. Ruwa ne.

A daminar da ta wuce na je bikin wata ƙawata a Betso. Da muna dawowa muka tarar mayo, wato rafin da ke kan hanyar, ya kawo ruwa. Mai mashin da ya ɗauko ni ya ce ba zai wuce gwiwa ba, muka shiga, ruwan ya zare mashin daga ƙarƙashinmu. Abin da nake iya tunawa kawai, wani manomi ya cafko hijabina ya jawo ni gaɓa kamar buhun masara. Ban ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwar hannu. Amma tun ranar, ko ruwa aka juye a baho da ƙarfi sai gabana ya faɗi, girata ta haɗe, ni ban ma san ta haɗe ba.

Matar da nake koyon ɗinki a shagonta a cikin Mubi ita ta fara lura.

"Ke, da wa kike faɗa ne, da keken ko da zaren?" ta ce, ta miƙo mini madubi. Ga layin nan a tsaye, kamar an ja da allura.

Ba kyau ne ya dame ni ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, tana garinmu Kwaja, tana fama da hawan jini, kuma ba ta ma san na je Betso ba. Ni da yayana muka yanke shawarar a rufe mata. To ga cirar gyaɗa ta matso, dole in je gida, Dada kuwa fuska take fara dubawa kafin ta amsa gaisuwa.

Na tambayi wata maƙwabciyarmu mai aiki a asibiti. Ta ce abin da ke tattare goshi tun da ƙuruciya bai wuce zafin rana, ƙarancin barci da yawan haɗe rai ba. In riƙa shafa mai, in sha ruwa, in daina ƙanƙance ido a rana. Na sayi man kaɗe ina shafawa safe da yamma. Fata ta yi laushi, har masu kawo ɗinki suna tambayata me nake shafawa, amma layin yana nan. Sai na yi tunani irin na tela: yadi in ya yamutse, danne shi ake yi. Na riƙa ɗaura ɗankwali tamau har kan gira, daga safe zuwa la'asar. Kwana goma ina fama da ciwon kai, kuma da na kwance sai ga shatin ɗankwali ya kwanta a goshin, layi ya zama biyu.

Haka na shiga mota da ɗaurin nan. Na manta da abu ɗaya. A gidanmu duk 'yar da ta dawo daga gari, kafin ta taɓa aikin gona sai Dada ta yi mata kitso. Ina gama cin abinci ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta miƙe ƙafa.

"Zo nan. Cire wannan rawanin."

Na kwantar da kai a cinyarta. Ta lakato mai, ta bi goshina da babban yatsa a hankali.

"Wannan na ɗankwali ne, wauta ce, gobe zai tafi. 'Yan ƙananan nan na rana ne, irin nawa, ki ɗauki malafa in za mu gona." Yatsan ya tsaya tsakanin girata. "Wannan fa, 'yar Dada? Bara babu shi."

Na ce ɗinki ne, zura zare a allura.

"Shekara nawa kina zura zare?"

Sai na gaya mata, tun daga bikin har hijabin. Ina magana ina kallon jijiyar wuyanta, ina lissafin nisan asibiti. Hannunta ya tsaya a kaina. Sannan ta yi hamdala a hankali, ta ɗauki tsinken tsaga.

"Manomin nan, kin san gidansa?"

"A'a, Dada."

"Mutum ya tsamo ki daga ruwa, kina can kina ɗaure goshi, ba ki nemi gidansa ba. Yayanki zai nemo shi. Ai shi ma ya iya ɓoye magana, sai ya iya tambaya. Buhun gyaɗa na farko na manomin ne."

"Jininki fa?"

"Jinina ya ga abin da ya fi wannan. Juya kanki."

Ba ta ja kitson da ƙarfi ba yadda ta saba. Ina jin kaji suna tono a bayan rumbu, yatsunta na tafiya a cikin gashina. Kafin ta kai rabin kai barci ya ɗauke ni, da rana tsaka, ba ta kuma tashe ni ba.